Ranar da aka kai Ummi makaranta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S) da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa iyaye maza da iyaye mata, abin da za a tattauna a kansa yau ba maganar gwamnati ba ce, ba kuma ta siyasar duniya ba. Magana ce ta safiya guda ɗaya tak, wato safiyar da ake kama hannun yaro a fitar da shi daga gidan ubansa a kai shi makaranta karon farko. Ba wanda ke zaune a nan da bai san wannan safiya ba. Ko dai an kai shi, ko ya kai nasa, ko kuwa ya tsaya a ƙofar zaure yana kallo ana wucewa da 'ya'yan maƙwabta shi ba a kai shi ba. Kuma kowanne daga cikin ukun nan, abin da ya gani a wannan rana yana nan a ransa har furfura, kuma shi yake juye wa 'ya'yansa, ya sani ko bai sani ba.

Akwai wani gida a cikin birnin Zariya, irin gidan nan na gado, da kaka da 'ya'ya da jikoki duk a tukunya ɗaya. Maigidan yana da 'yar auta mai shekara shida wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa, saboda haka ba mai kama sunan a gidan, Ummi ake ce mata. Ita kuwa tsohuwar Takwara take kiranta, in sun ɓata ta ce Kishiya. To, an sama wa Ummi gurbi a aji ɗaya na firamare. Tun ranar Alhamis tela ya kawo kayan makaranta, an ɗinka su da yalwa don su kai ta aji uku, hijabin har yana sharar ƙasa. Yarinya ta yi kwana uku tana sawa tana cirewa, tana zagaya ɗakuna ana yi mata barka. Sai ranar Lahadi da daddare, ana cin tuwo a tsakar gida, yayanta ɗan aji biyar ya dube ta ya ce, "Ke dai yi ta rawar kai, gobe za ki ga dorina." Shi ke nan. Yarinya ta tsame hannu daga kwano, ta fashe da kuka, ta ce ita ba inda za ta.

Uwar ta taso za ta make yaron, sai tsohuwa ta ce, "Ƙyale shi. Abin da ya ji a bakinki ya faɗa." Uwar ta sunkuyar da kai, domin ta san gaskiya ce. Shekara biyu ke nan, duk ranar da Ummi ta yi ɓarna, abin da ake ce mata shi ne, "Bari dai a kai ki makaranta, Malam ya zane ki." Iyaye mata da ke nan, kada kowa ta dubi ta kusa da ita. An mayar da makaranta dodo, an mayar da malami ɗan sanda, sannan ranar da aka ce yaro ya tashi ya tafi wajen dodon nan da murmushi, in ya ƙi a ce ba ya son karatu.

Tsohuwa ta jawo jikarta ta ɗora a cinya ta ce, "Takwara, ke kina kuka don za a kai ki. Ni kuwa a rumbu aka ɓoye ni don kada a kai ni."

Wannan labari 'ya'yanta sun sha jin sa, amma jikokin ba su taɓa ji ba. A wani ƙauye ta tashi a ƙasar Zazzau, 'yan shekaru kafin samun mulkin kai na 1960. A wancan zamani makarantar elementare ta En'e ce, kuma ba a jiran uba ya kawo ɗansa. Daga sama ake yanka wa hakimi adadin yaran da zai kawo, shi kuma ya yanka wa dagatai, dagaci ya yanka wa masu unguwanni. Ranar da labari ya iso ƙauyen cewa masu ɗibar yara suna tafe, kuma a wannan karon har da mata ake nema, sai gari ya ruɗe kamar an ce ga mahara. Wasu aka tura su gona tun asuba, wasu aka kai su rugar Fulani. Ita kuwa mahaifinta ya ɗaga hular rumbu ya zura ta ciki, ya mayar ya rufe. Ta ce tun hantsi take zaune a kan dammunan dawa, ƙaiƙayi yana cin ta, ga duhu, ga zafi, an kuma ce mata in ta yi ko tari za a tafi da ita inda ba za ta sake ganin uwarta ba. Da azahar goggonta ta zuro mata fura a 'yar ƙwarya. Sai bayan la'asar aka fito da ita, jikinta duk ya yi ruɗu-ruɗu, mata suna ta yi wa uwarta barka da arziki. Daga baya ta ji cewa har zakara biyu mahaifinta ya bayar don a manta da ƙofar gidansa. Aka cike adadin da 'yar wata bazawara wadda ba ta da mai tsaya mata.

Yara suka yi ta dariya, har Ummi da hawaye a fuska. Tsohuwa ma ta yi dariyar, sannan ta ce, "Ku yi dariya. Amma da kakanku ya tafi Kurmi neman kuɗi, in ya aiko wasiƙa, ɗauka nake in bi gari ina neman mai karanta min. Maganar da miji ya yi wa matarsa, sai wani ƙato ya fara ji kafin ni. Kun san wa na koma kai wa daga baya? 'Yar bazawarar nan."

To 'yan'uwa, kada a yi saurin cewa iyayen wancan zamani jahilai ne. Ba jahilai ba ne, kuma tsoron nasu yana da tushe. Turawan Ingila da yaƙi suka shigo ƙasar nan, suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ba su tarar da mutane a duhu ba. Su da kansu sun ƙiyasta makarantun allo sama da dubu ashirin a Arewa. Ana rubuta wasiƙa da Larabci da ajami, alƙali yana hukunci da littafi. Sai ga wanda ya ci ka da yaƙi ya ce ka ba shi ɗanka ya koya masa wani rubutu da ake farawa daga hagu. A nan Zariya kuma mutane sun ga Dokta Mila, ɗan mishan, ya zauna a cikin birni tun 1905 yana da 'yan makarantarsa, kafin mishan ta koma Wusasa. Saboda haka da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantar gwamnati a Nassarawa ta Kano a 1909, ko da ba ta mishan ba ce, talaka bai ga bambanci ba. Sunan da aka ba abin ma ya isa shaida. Mutane da yawa sun ɗauka kalmar boko daga Turanci ta zo, alhali tsohuwar Hausa ce, tana nufin abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko, wadda ake ɗorawa a gaba don a ɓad da sawun ta ainihi. Wato karatun gaske yana wajen Malam a zaure, wannan kuwa na bogi ne.

Sarakuna da masu sarauta da yawa su ma da farko 'ya'yan barorinsu suka tura. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1921, aka ga waɗanda suka fito daga cikinta, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, su ne ke riƙe da ƙasa, sai na sama suka farga. Talakan ƙauye kuwa ya daɗe bai farga ba, domin shi abin da ya sani shi ne dogari. 'Ya'ya mata kuma sai a 1930 gwamnati ta buɗe musu wuraren karatu a Kano da Katsina. Amma kada wani ya fita daga nan ya ce karatun mace Bature ne ya kawo shi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta rasu a 1864, ba ta ga mulkin Bature ba, kuma ta bar tsarin 'yantaru, inda jajjis suke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a wajenta su koma su koyar da mata. Abin da ya shigo da tsoro shi ne tilas. Wanda aka kai makaranta da dogari, ko aka ɓoye shi a rumbu saboda ita, da wane baki zai ba ɗansa labarinta mai daɗi? Dogarin ya tafi tuni, tsoron kuwa ya zauna a cikin gidaje ana gadon sa kamar tukunyar ƙarfe.

A koma tsakar gidan nan. Da tsohuwa ta gama, sai yaran suka juya kan ubansu, suka ce, "Baba, kai fa?" Shi ɗan 1970 ne, saboda haka shekararsa shida daidai lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, a watan Satumba na 1976. An yi shirin karɓar yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya a duk ƙasa, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana. Ya ce ranar filin makarantar kamar kasuwa. Ba mai takardar haihuwa, saboda haka hedimasta ya jera su, kowa ya ɗora hannun dama ta bisa kai ya kamo kunnen hagu. Wanda hannunsa ya kai ya isa shiga, wanda bai kai ba sai baɗi. Shi nasa bai kai ba, sai ya karkatar da wuya a hankali har yatsa ya taɓa, hedimasta ya gani ya kau da kai. A gindin mangwaro suka yi zangon farko, da ƙarfen ƙafar mota a rataye a reshe shi ne ƙararrawa, malaminsu kuma saurayi ne da aka yi wa horon gaggawa. A ƙasa suka fara rubutu da yatsa kafin a raba musu allon sileti da alli. Ya tuna Ka Koyi Karatu, ya tuna ƙosan da ake saya da kwabo in an tashi tara. Sannan ya tuna kamun kunne da tsallen kwaɗo, da monita mai rubuta sunan masu surutu, da ranar da aka yi masa bulala a aji huɗu don ya yi Hausa a cikin aji. Abin mamaki, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 da kanta ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. Takarda tana Ikko tana cewa haka, bulala tana aji tana cewa akasin haka.

Sai tsohuwa ta katse shi ta ce, "Ai wannan ba ita ce ranarka ta farko ba. Ta farkon ba ka tuna ta, ni ke tunawa."

Tana nufin makarantar allo. Kuma a nan ne maganar take, saboda haka a saurara da kyau. Ta ce yana ɗan shekara huɗu da wani abu mahaifinsa ya je kasuwa da kansa ya sayo ɗan allo na itacen aduwa. Ita kuma ta kwana tana dakan gumba. Da safe mahaifin ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya kama hannun ɗansa, suka tafi zauren Malam da ke bayan masallacin unguwa. Suka durƙusa suka gaisa. Uban ya ɗauki hannun yaron ya sa a cikin hannun Malam ya ce ga amana. Malam ya jawo tawada da alƙalamin gamba ya rubuta masa wankin farko, ya biya masa, aka yi addu'a, aka raba gumba, yaran makaranta suka yi ta wasoso. Yaron da ya shigo baƙo, kafin hantsi kowa ya san shi, domin ta dalilinsa aka ci daɗi. Daga nan ya shiga babbaƙu, yana rera sunayen haruffa yadda malaman ƙasar nan suka raɗa musu da Hausa don yaro ya gane su da siffarsu, ba-guje, mim-jaye, ha-kuri, nun-ara, kafin ya kai farfaru. Kowace Laraba uwar tana ba shi kuɗin Laraba ya kai. In ya kai wata sura da aka saba yi wa sadaka, gida ya sani, a yi tuwo a aika. In kwana biyu bai zo ba, Malam zai tare uban a masallaci ya tambaya.

Ba ana cewa makarantar allo ba ta da bulala ba ne. Tana da ita, wani lokaci ma har ta wuce kima, kuma duka irin wanda ke fasa jiki ko ya sa yaro ya tsani karatu zalunci ne ko a zaure aka yi shi ko a aji. Abin lura shi ne yadda aka miƙa yaron. Hannu da hannu. Uban ya san Malam, Malam ya san uban, yaron kuma ya gani da idonsa cewa mutanen nan biyu sun san juna, kuma wurin da aka kawo shi wuri ne da ubansa ya sa babbar riga domin sa. Yau fa? Uba nawa ne a cikin wannan taro zai iya faɗin sunan malamin ajin ɗansa? Mutum zai sayi akuya ya ba makiyayi kiwo, ya san sunan makiyayin, ya san rugarsa, ya riƙa leƙawa yana duba ko ta yi ƙiba. Amma ɗan da ya haifa, sai ya biya kuɗin makaranta ta waya, ya haɗa shi da mai babur, shekara shida bai taka ƙofar wurin ba sai ranar da aka ce yaro ya faɗi jarrabawa, ya zo yana kumfar baki.

Manzon Allah (S) bai ɗauki koyon rubutun yara ƙaramin abu ba. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, fursunonin Ƙuraishawa da suka iya rubutu amma ba su da abin fansa, fansarsu ita ce kowanne ya koya wa yaran Madina goma rubutu. Shugaban al'umma ne da kansa, a tsakiyar al'amarin yaƙi, yake shirya wa yara malamai.

Uwar Ummi dai ba ta ba da nata labarin ba a daren nan. Da aka matsa mata sai ta ce, "Ni a aji biyar aka cire ni, aka ɗora min tallan goro," ta tashi ta shiga kwashe kwanuka. Ba wanda ya yi dariya a wannan.

Da gari ya waye, niyyar maigidan ita ce ya haɗa Ummi da yayanta, shi ya wuce shago, domin Litinin ce. Ya shiga gaida mahaifiyarsa, ta amsa, sannan ta ce, "Kai ubanka da ƙafarsa ya kai ka." Ba ta ƙara ko kalma ba. Ya fito ya canza riga.

Suka tafi a ƙasa, yarinya tana riƙe da hannunsa da hannu ɗaya, ɗayan tana tattare hijabi. A ƙofar makaranta yara sababbi suna ta kuka, wata uwa tana ce wa ɗanta, "Tsaya nan in sayo maka alewa, yanzu zan dawo," ta zagaya ta bayan katanga ta gudu. 'Yan'uwa, a daina wannan. Darasin farko da yaron nan ya ɗauka a makaranta shi ne uwarsa tana yi masa ƙarya. Gara a gaya masa gaskiya: za a tafi, za a dawo a ɗauke shi in an tashi, sannan a cika alkawari a kan lokaci, ko da zai yi kuka. Shi maigidan nan ya nemi ajin, ya yi sallama, ya gaida malamar, ya tambayi sunanta ya faɗi nasa. Ya gaya mata cewa yarinyar bahaguwa ce, a yi haƙuri kada a doke ta a kan hannun, kuma in tana jin fitsari kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba. Malamar, wadda ke gaban yara fiye da yadda bencina za su ɗauka, ta dube shi da mamaki ta ce tun safe shi ne uba namiji na farko da ya shigo ajin. Ya sa hannun Ummi a nata ya ce ga amana.

Da ya fito, a bakin ƙofa ya ga wani yaro sa'an Ummi, da 'yar roba a hannu, ba takalmi, yana leƙen masu sababbin kaya ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Shi ma wannan yaron yana da ranarsa ta farko. An sa shi a mota daga wani ƙauye mai nisa, an haɗa shi da wasu yara aka danƙa wa malami ɗaya, ba gumba, ba kuɗin Laraba, ba ranar dawowa. Wannan ba irin miƙawar da tsohuwa ta ba da labari ba ce, ko da sunan ɗaya ne. Wancan uban ya ba da amana yana nan kusa yana ciyarwa yana dubawa. Wannan kuwa sauke kaya ya yi. Akwai kuma waɗanda ko wannan ba su samu ba. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta yara da matasa kimanin miliyan 20 a Nijeriya ba sa zuwa makaranta, kuma ba sai an gaya wa kowa a wane ɓangaren ƙasa suka fi yawa ba. Alhali tun 2004 akwai dokar da ta ce ilimin farko na shekara tara kyauta ne kuma dole ne. Gwamnatoci suna da nasu alhakin, mai nauyi kuwa, na azuzuwan da ba rufi da malaman da albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata. Amma ba gwamnati ce za a fara tambaya game da ɗan da mutum ya haifa ba. Yanzu ba dogari, ba mai ɗibar yara, amma har gobe akwai 'yan matan da ke cikin rumbu, sai dai rumbun ya zama farantin talla.

Da azahar uban ya rufe shago ya je ya ɗauko ta kamar yadda ya ce. Ta dawo hijabi ya yi buɗu-buɗu, fensir ya ɓace, ƙosan da aka ƙulle mata ta ce ita da wata ƙawa suka cinye, ba ta ma san sunan ƙawar ba. Ba ta tsaya cire takalmi ba ta faɗa ɗakin tsohuwa tana cewa, "Kaka, ba a dake ni ba! Wani yaro aka daka, ya ciji wani." Tsohuwa ta ce, "To Kishiya, me aka koya miki?" Yarinya ta ja ta waje, ta tsuguna, ta share ƙasa da tafin hannu, ta zana wani abu mai kama da ƙwai da sanda a gefe da hannun hagu, ta ce wannan shi ne "a". Tsohuwa ta daɗe tana dubawa. Sannan ta dafa bango ta tsuguna da ƙyar, ta miƙa yatsa ta ja layi ɗaya a tsaye kusa da shi, ta ce, "Namu alif ke nan. Share naki ki sake, a hankali, in gani ta ina kika faro."